Yadda ake warware kiki-kakar makullai a cikin KVM na Linux

Alamar farko takan zo a shiru. Kwamfutar baƙo, wato kwamfutar kwaikwayo da shirin QEMU ke gudanarwa a cikin wata na'ura da taimakon KVM (wani sashe na kenel, wato zuciyar Linux), ta tsaya cak. Ka aika mata `kill -9` ba ta mutu ba, ka duba `ps` ka ga harafin D, alamar barcin da ba a iya katse shi, a gaban sunanta. Bayan kamar minti biyu sai `dmesg` ya fitar da layin da ke cewa "blocked for more than 120 seconds". Mai masaukin, wato na'urar ta ainihi, yana nan da ransa, sauran baƙi suna aikinsu, amma wannan baƙon ya sandare, kuma sau da yawa ba zai saki ba sai an sake tayar da na'urar gaba ɗaya.

Abin da ya faru shi ne kiki-kaka. Zaren aiki (thread) na farko ya riƙe makulli, wato abin da ke hana zare biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, yana jiran wanda ke hannun na biyu, shi kuma na biyun yana jiran na hannun na farkon. Tun 1971 Coffman da abokan aikinsa suka rubuta sharuɗɗa huɗu da sai sun cika kafin a yi irin wannan cirko-cirko, kuma na ƙarshensu shi ne jira ya zagayo ya zama zobe. A cikin kenel wannan zoben shi muke nema mu karya, domin sauran sharuɗɗan uku ɗabi'ar makulli ce, ba a taɓa su. Saboda haka kada ka canja ko layi ɗaya na kod sai ka iya zana zoben a takarda, da sunan kowane makulli da wanda ya riƙe shi.

Mataki na farko: kwashe shaida kafin ka kashe na'ura

Hannu yakan yi gaggawar sake tayar da na'ura. Ka daure, domin duk abin da kake buƙata yana cikinta a wannan halin. A matsayin root ka rubuta:

```
echo w > /proc/sysrq-trigger
echo l > /proc/sysrq-trigger
echo d > /proc/sysrq-trigger
dmesg > shaida.txt
```

Harafin `w` zai zubo jerin kiran duk zaren da ya maƙale a halin D. `l` zai nuna abin da kowane CPU mai aiki yake yi yanzu. `d` kuwa zai lissafa makullan da ke hannun kowa, amma sai in an gina kenel ɗin da lockdep, mai sa ido kan tsarin ɗaukar makullai. Sannan ka bi zaruruwan QEMU ɗaya bayan ɗaya, ka karanta `/proc/PID/task/TID/stack` na kowanne.

Ka lura da wani abu a nan. Mai sa ido kan maƙalallun ayyuka, wato wanda ke buga saƙon daƙiƙa 120, ba ya ƙirga zaren da ke jiran da za a iya kashe shi a ciki. KVM kuwa da `mutex_lock_killable()` yake ɗaukar `vcpu->mutex` idan aka kira ioctl (hanyar da QEMU ke aika wa kenel umarni) a kan vCPU, wato CPU na baƙo. Ke nan zai yiwu wani ɓangare na zoben bai fito a saƙon ba sam, sai ka je ka nemo shi da kanka.

Idan ba barci zaruruwan suke yi ba, CPU ne ya kai ƙololuwa ya ƙi sauka, to rikicin `spinlock` ne, makullin da mai jiransa ba ya barci, kuma saƙon da za ka gani na "soft lockup" ne bayan kimanin daƙiƙa 20, ko kukan wani tsarin kenel mai suna RCU cewa wani CPU ya tsaya. Idan kuma a na'urar da ba taka ba ce matsalar ke faruwa, ka sa a kunna kdump, mai ajiye memori idan kenel ya faɗi, tare da `kernel.hung_task_panic=1`, ka samu hoton memori. Da `crash` ko `drgn` za ka iya buɗe `struct mutex` ɗin, ka karanta filin `owner`, ka share ƙananan bit uku na ƙarshe waɗanda alamomi ne kawai. Abin da ya rage shi ne adireshin `task_struct` na mai riƙe da makullin.

Mataki na biyu: gina kenel mai tona asiri

Ba a gwajin kiki-kaka a kan na'urar da kake rubutu da ita. Ka gina kenel na gwaji, ka tayar da shi a cikin QEMU da `-enable-kvm -cpu host`, sannan a cikinsa ka tayar da baƙon da ke jawo matsalar. Baƙo a cikin baƙo ke nan, kuma `kvm_intel` da `kvm_amd` duk suna yarda da hakan ta maɓallin `nested`. Ka tura saƙonnin kenel ta `console=ttyS0` domin ko ya sandare ka samu abin da ya faɗa na ƙarshe, ka ƙara `nokaslr` in za ka haɗa gdb.

A cikin `.config` ka kunna waɗannan:

```
CONFIG_PROVE_LOCKING=y
CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP=y
CONFIG_DETECT_HUNG_TASK=y
CONFIG_SOFTLOCKUP_DETECTOR=y
```

tare da bayanan DWARF domin a iya mai da adireshi zuwa layin kod. Na farkon shi ne lockdep, wanda Ingo Molnar ya jagoranci rubutawa, ya shiga Linux 2.6.18 a 2006, 'yan watanni kafin KVM da kansa ya shiga 2.6.20 a farkon 2007. Ni dai ban san wani kayan aiki da ya kai shi amfani a wannan fage ba. Ba ya jira sai kiki-kakar ta auku. Duk lokacin da aka ɗauki makulli B alhali ana riƙe da A, yakan rubuta cewa A na gaban B. Ranar da ya ga wani ya ɗauki A yana riƙe da B, ko da awa goma ne tsakanin abubuwan biyu, ko da zare ɗaya ne ya yi su, nan take zai yi kuka. Kuma ba makulli ɗaya-ɗaya yake bi ba, danginsu yake bi: duk `vcpu->mutex` na duk baƙi dangi ɗaya ne a wurinsa.

Amma sau ɗaya yake magana. Da ya fitar da rahoton farko sai ya kashe kansa har a sake tayar da na'ura. Idan wani direban da bai shafe ka ba ya riga ya sa shi kuka tun lokacin tashi, za ka yini kana gwaji a gaban mai gadin da ya yi barci. Kafin kowane gwaji ka duba:

```
grep debug_locks /proc/lockdep_stats
```

In ka ga 1 yana farke. In 0 ne, ka nemo abin da ya kashe shi tukuna.

Mataki na uku: karanta rahoton, ka zana zoben

Rahoton yakan fara da "possible circular locking dependency detected". Yana da tsawo, kuma mai sabon shiga yakan tsallake kai tsaye zuwa hoton CPU0 da CPU1 da ke ƙasa, inda aka rubuta `*** DEADLOCK ***`. Wannan hoton taƙaitawa ce. Idan makullan sun kai uku ko huɗu, ba duka yake nunawa ba. Naman yana tsakiya, inda aka jera dogaron da lambobi, kuma daga ƙarshe zuwa farko aka jera su. Mai lamba #0 shi ne ɗaukar da ake ƙoƙarin yi yanzu, wadda ta rufe zoben. Sauran su ne waɗanda lockdep ya gani a baya, kowanne da jerin kiran da ya haifar da shi. Ka wuce da rahoton ta `scripts/decode_stacktrace.sh vmlinux` domin sunayen fayil da lambobin layi su fito, sannan ga kowace lamba ka rubuta jimla ɗaya: an ɗauki kaza ana riƙe da kaza, a wuri kaza.

Yanzu ka buɗe `Documentation/virt/kvm/locking.rst` a cikin bishiyar kod ɗin da kake aiki a kai, ba ta wata shekara ba, domin dokokin suna ƙaruwa. A nan aka rubuta wa ke gaban wa. Ana ɗaukar `kvm->lock` kafin `vcpu->mutex`. Ana ɗaukar `kvm->lock` kafin `kvm->slots_lock` da `kvm->irq_lock`, kuma `slots_lock` na gaban `irq_lock`. Ka ɗora jimlolinka a kan wannan jeri. Galibi guda ɗaya ce za ta saɓa, kuma ita ce mai laifi, ko da ba ita ce #0 ba. Wanda ya rufe zobe ba lallai shi ne ya karya doka ba, wataƙila shi ne dai ya zo daga baya.

Sai makullin da ba ya kama da makulli, wanda a ganina shi ya fi cin mutane a KVM: `kvm->srcu`. SRCU hanya ce ta barin masu karatu su duba bayanai, kamar jerin yankunan memorin baƙo, ba tare da sun tare juna ba, har ma suna iya barci a ciki. Mai karatu yana shiga da `srcu_read_lock()`, ba ya jiran kowa. Mai canja bayanai kuwa yakan sa sabo a gurbin tsoho, sannan ya kira `synchronize_srcu()`, wanda ba ya dawowa sai duk masu karatun da suka riga shi shiga sun fita. A x86, zaren vCPU yana riƙe da `vcpu->mutex` muddin `KVM_RUN` na gudana, kuma yana cikin karatun `kvm->srcu` duk lokacin da baƙo ya fito ana biya masa wata buƙata. Yakan saki ne kawai dab da komawa cikin baƙon.

To ka dubi wannan. Zaren vCPU yana amsa kiran da baƙo ya yi:

```
srcu_read_lock(&kvm->srcu);
...
mutex_lock(&kvm->lock);
```

A daidai lokacin wani zaren QEMU yana cikin ioctl na canja wani tebur:

```
mutex_lock(&kvm->lock);
rcu_assign_pointer(kvm->arch.tebur, sabo);
synchronize_srcu(&kvm->srcu);
mutex_unlock(&kvm->lock);
```

Na biyu yana riƙe da `kvm->lock` yana jiran masu karatu su fita. Na farko mai karatu ne, ba zai fita ba sai ya samu `kvm->lock`. Makulli ɗaya tak ake gani a ido, amma zobe ya rufe. Shi ya sa takardar dokokin ta ce ƙarara ba a ɗaukar `kvm->lock` ko `vcpu->mutex` ko `kvm->slots_lock` a cikin karatun `kvm->srcu`, tunda ana kiran `synchronize_srcu()` ana riƙe da su. `slots_arch_lock` ne aka keɓe, domin shi ana sakinsa kafin jiran.

Wannan ba misalin ƙage ba ne kawai. Irinsa ya faru a sashen KVM da ke kwaikwayon Xen, wani tsarin daban na gudanar da baƙi, inda aikin da a da ake yi daga wajen SRCU ya koma ana kiransa daga zaren vCPU, yana kuma ɗaukar `kvm->lock`. Shekaru da dama lockdep bai san cewa `synchronize_srcu()` jira ne da zai iya rufe zobe ba, sai a 2023 aka koya masa. Idan tsohon kenel kake gyarawa, shirun lockdep ba wanke kod ɗinka ya yi ba. Ka nemi zaren da ke barci a cikin `__synchronize_srcu` a shaidar da ka kwasa, sannan ka nemi wanda `d` ya nuna yana riƙe da `&kvm->srcu` yana kuma jiran wani `mutex`.

Mataki na huɗu: sa matsalar ta dawo duk lokacin da ka so

Gyaran da ba ka iya gwadawa zato ne. Ka rubuta ƙaramin shiri a `tools/testing/selftests/kvm`, inda akwai kayan ƙirƙirar baƙo da vCPU a shirye. Zare ɗaya ya yi ta kiran `KVM_RUN` a kan baƙon da ke maimaita abin da ke jawo matsalar, ɗayan ya yi ta maimaita ioctl ɗin. In tseren zaruruwan biyu ya ƙi haɗuwa, ka sa `msleep()` na wucin gadi tsakanin ɗaukar farko da ta biyu domin faɗaɗa ƙofar. In syzbot, mai gwada kenel ta atomatik, ne ya gano matsalar, sau da yawa yakan haɗo da shirin C da ke maimaita ta. Da shiri a hannu, `git bisect` zai kai ka ga canjin da ya shigo da ita, kuma za ka buƙaci lambarsa nan gaba.

Mataki na biyar: karya zoben

Tambayar farko: wane bayani ne makullin nan yake karewa a wannan wurin? Sau da yawa amsar kan zama ɗan ƙaramin abu, jeri ɗaya ko manuni ɗaya, wanda marubucin ya rataya wa `kvm->lock` don shi ne a kusa.

In haka ne, gyara mafi tsabta shi ne a ba wa wannan bayanin makullinsa na kansa, ya zama auta a jeri, wato ba a ɗaukar kowa kuma ba a jiran kowa ana riƙe da shi. Haka David Woodhouse ya yi a farkon 2023 da ya ƙara `kvm->arch.xen.xen_lock`. Auta ba ya shiga zobe, domin babu kibiyar da ke fita daga gare shi. Sharaɗin shi ne ka bi duk wuraren da ke taɓa bayanin, masu karatu da masu rubutu, ka mai da su kan sabon makullin. Wuri ɗaya da ka manta ya isa ya musanya maka kiki-kaka da lalacewar bayanai, wadda ta fi ta wuyar ganowa nesa ba kusa ba.

Hanya ta biyu ita ce fitar da jira daga ƙarƙashin makulli:

```
mutex_lock(&kvm->lock);
tsoho = rcu_replace_pointer(kvm->arch.tebur, sabo,
                            mutex_is_locked(&kvm->lock));
mutex_unlock(&kvm->lock);

synchronize_srcu(&kvm->srcu);
kfree(tsoho);
```

Makullin don musanya manuni kawai ake buƙatarsa. Tsohon teburin ya riga ya zama naka kai kaɗai, kana iya jira a waje sannan ka sake shi. Gyara ne mai kyau, yana ma rage tsawon riƙo. Sai dai marubuci ɗaya ya gyara. Muddin doka ta halatta kiran `synchronize_srcu()` a ƙarƙashin `kvm->lock`, wani wurin zai yi, kuma mai karatun da ke ɗaukar makullin yana nan da laifinsa. Ka gyara mai laifin.

Idan zoben na makullai biyu ne na yau da kullum, sai a juya tsarin ɗauka a wurin da ya saɓa. Wani lokaci hakan na nufin sakin na ciki, a ɗauki na waje, a sake ɗaukar na ciki. Duk abin da ka tabbatar kafin sakin ya zama tsohon labari, dole ka sake duba shi. KVM na da misali mai kyau a wajen biyan kuskuren shafi, wato lokacin da baƙo ya nemi shafin memorin da ba a shirya masa ba: `mmu_lock` ba a barci a ƙarƙashinsa, nemo shafin memori kuwa na iya sa barci. Don haka kod ɗin yakan karanta `mmu_invalidate_seq`, ya nemo shafin a waje, ya ɗauki `mmu_lock`, sannan ya duba ko lambar ta canja. In ta canja ya watsar ya sake daga farko. Idan saƙon da ka samu "sleeping function called from invalid context" ne, wannan salon za ka kwaikwaya.

Akwai kuma jinkirta aikin zuwa inda ba a riƙe da komai. `kvm_make_request()` na sa vCPU ya yi aikin kafin ya koma cikin baƙo, wanda ke fitar da kai daga ƙarƙashin `spinlock`, amma a can ma ana riƙe da `vcpu->mutex` da SRCU, don haka bai buɗe maka hanyar `kvm->lock` ba. Layin aiki na kenel (workqueue) ya fi 'yanci, sai dai `flush_work()` shi ma jira ne. In ka kira shi kana riƙe da makullin da aikin ke buƙata, ka ƙulla sabon zobe. Wannan yakan bayyana ne lokacin rushe baƙo.

Abubuwa biyu nake roƙonka ka guje musu. Na farko, sa `mutex_trylock()` a cikin madauki. A misalin SRCU na sama, mai karatun zai yi ta gwadawa har abada yana nan cikin karatun, marubucin kuma yana nan yana jira. Ba abin da ya canja sai dai yanzu CPU na ƙonewa kuma saƙon gargaɗin ya ɓace. Na biyu, rufe bakin lockdep da `mutex_lock_nested()`. Wannan kiran na da halastaccen wuri, wato idan dole ne a riƙe makullai biyu 'yan dangi ɗaya, kamar vCPU biyu, kuma akwai tabbataccen tsarin wanda ake fara ɗauka, misali bisa lambar vCPU. Ƙananan dangogi takwas kawai lockdep ke da su, kuma makullai 48 yake iya bi a hannun zare ɗaya. In ba za ka iya rubuta dalilin da zoben ba zai taɓa rufewa ba a cikin sharhi na layi uku, to rahoton gaskiya ne.

Mataki na shida: tabbatarwa da rubuta dokar

Ka fara gudanar da shirin gwajinka a kan kenel marar gyara ka ga ya sandare, sannan a kan mai gyara, da `msleep()` ɗin a ciki, sannan ka cire shi ka sake. Ka bar shi ya yi ta juyawa na awoyi. Ka bi da sauran gwaje-gwajen `selftests/kvm` da kvm-unit-tests, a kan Intel da AMD in canjin ya taɓa x86, kuma in ka taɓa `virt/kvm/kvm_main.c` ka tuna arm64 da s390 da RISC-V da sauransu duk da shi suke aiki, aƙalla ka gina musu. A ƙarshen kowane zagaye ka sake duba `debug_locks` ka ga har yanzu 1 ne.

Sannan ka sa dokar a inda na'ura za ta tsare ta. Duk aikin da ke zaton an riƙe makulli kafin a kira shi, ka sa masa `lockdep_assert_held()`. Inda ake ɗaukar makulli a wata hanya da ba kasafai ake bi ba, `might_lock()` zai sanar da lockdep tun kafin a bi ta. KVM ma ya taɓa yin irin wannan dabara wajen ƙirƙirar vCPU: in an kunna lockdep, yakan ɗauki `vcpu->mutex` ya saki nan take alhali yana riƙe da `kvm->lock`, don kawai a rubuta wa ke gaban wa tun ranar farko. In ka ƙara sabon makulli, ka ƙara layinsa a `locking.rst` cikin faci (patch) guda.

A bayanin facin ka zana zoben kamar yadda ka zana a takarda, zare biyu gefe da gefe, ka manna ɓangaren rahoton lockdep da ya dace bayan ka datse abin da ba a buƙata, ka faɗi dokar da aka karya da dalilin da ya sa ka zaɓi wannan gyaran a kan sauran. Ka sa layin `Fixes:` da haruffa 12 na farkon lambar canjin da `git bisect` ya nuna, domin da shi ake gane tsofaffin kenel ɗin da su ma suke buƙatar gyaran. Ka wuce da facin ta `scripts/checkpatch.pl`, `scripts/get_maintainer.pl` kuma zai gaya maka waɗanda ke kula da fayilolin da ka taɓa. Shirin gwajin nan ma ka haɗa shi a matsayin faci na biyu, bayan ka tabbatar `msleep()` ɗin da ka sa na wucin gadi bai biyo ka cikin na farkon ba.